Ɗanlami Direba da Dardumar Teku

A Madarunfa in ka ce gidan Ɗanlami kake nema, sai an tambaye ka wane Ɗanlamin, don akwai mai facin taya, akwai kuma na bakin kasuwa mai sayar da buhunan wofi. Amma in ka ce Ɗanlami mai teku, ko tsohuwar da ba ta gani sosai za ta ɗaga sandarta ta nuna maka lungun.

Abin dariyar shi ne, duk zuriyarsu babu wanda ya kai shi tsoron ruwa. Gidan masunta aka haife shi, a unguwar da ke kallon tafki. Ubansa da kawunnansa duk mutanen gora da taru ne, ƴaƴansu kuwa kafin ƙafarsu ta yi ƙwari sun iya iyo. Ɗanlami ne kaɗai ya fito daban. Ranar farko da aka ɗora shi a kwalekwale, tun ba a bar gaɓa ba ya rungume ƙafar ubansa yana kururuwa, har matan da ke wanki suka watse, sun zaci wani abu ne ya fito daga ruwa. Da ya ɗan tasa aka sake gwadawa, ya amayar da furar da ya sha a kan kifin da aka wuni ana kamawa. Daga nan uban ya haƙura, ya ce wannan yaro na tudu ne, ya kai shi tasha ya danƙa shi ga wani direba. Ya yi karen mota, ya koyi tuƙi, har ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, yana kwasar aya da wake daga kasuwannin Maraɗi zuwa Kano, wani lokacin har Legas.

Mutum ne dogo, mai yawan fara'a da yawan zance, kuma yana da wata ɗabi'a guda: ba ya dawowa daga tafiya hannu wofi, sai dai abin da zai kawo ɗin ba mai amfanin kowa ba ne. Ya taɓa kawo agogon bango mai kukan tsuntsu, wanda ya riƙa ruɗa zakarun unguwa. Ya taɓa kawo talotalo biyu da suka hana mutane bin lungun sai da sanda. Matarsa Zahara'u, mutuniyar Safo, ta daɗe da sanin halinsa. In ta ji ƙarar kamiyo a ƙofar gida, ba ta tambayar yadda hanya take sai ta fara leƙa abin da yake saukewa. Ita kuwa sana'arta ƙanƙara da zoɓo. Tana da firigo babba da ke aiki da pano mai zuƙar hasken rana a kan rufi, saboda kuran ɗin garin, wato wutar lantarki, yana zuwa ne yadda ya ga dama. Ƴarsu ta fari Safiya tana aure a Gabi, shi ya sa kowa ke ce masa Baban Safiya, ban da mutum ɗaya: Ado masunci, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, wanda tun suna ƙanana ba shi da aikin da ya fi tsokanar Ɗanlami daɗi.

Wata shekara kamiyo ya lalace masa a Legas, makaniki ya ce sai an nemo wani ƙarfe. Ɗanlami ya gaji da zama a gindin mota cikin zafi, ya hangi wani shago a tsallaken titi mai ƙofar gilashi, ya ce a ransa ko ba komai akwai sanyi a ciki. Ya shiga kamar mai sayayya. Ashe shagon kifin ado ne. Akwatunan gilashi jere, fitilu shuɗɗa a samansu, kifaye masu launin da ko a kan atamfa bai taɓa gani ba. A ƙasan wani akwati kuwa, a kan farin yashi, ga wani abu kore shar, faɗinsa ya kai faifai, gefensa a nannaɗe, samansa cike da ƴan gajerun tufka kamar sabuwar darduma.

Da guntun Turancin hanya ya tambayi mai shagon ko roba ce. Mutumin ya ɗauko ɗan yankin jatan lande da dogon matsefi ya ajiye a kan abin. Dardumar ta motsa. Ta naɗe gefenta a hankali, ta tura naman zuwa tsakiya, wani baki ya buɗe ya haɗiye. Ɗanlami ya ja da baya ya yi salati da ƙarfi, sannan ya dawo ya liƙa hancinsa a gilashin. Da makaniki ya zo nemansa da la'asar, a nan ya same shi, a tsaye inda ya tsaya tun hantsi.

Mai shagon ya gaya masa sunanta anemon, dabba ce ta teku, kuma ba a sayar wa kowa da kowa. Tana son ruwan gishiri mai tsabta, da haske mai ƙarfi, da ruwa mai motsi, kuma ba ta son zafi. Da ya ji daga inda Ɗanlami ya fito, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wannan dariyar ce ta gama komai, don Ɗanlami bai taɓa barin abin da aka yi masa dariya a kai ba. Suka daidaita cewa zai fara tafiya da akwatin da kayan aikinsa, ya kafa, ya bar ruwan ya nuna na tsawon watanni, in komai ya zauna daidai sai a ba shi dardumar.

Ranar da ya iso gida, Zahara'u ta tsaya a bakin zaure tana kallo ana sauke akwatin gilashi mai tsawon gadon yaro, da fitila, da ƴan injina, da buhun gishiri, da bokiti biyu cike da duwatsu masu ramuka.

"Baban Safiya, duwatsu ka sayo?"

"Masu rai ne."

"Daga Legas."

"Daga teku ma."

Ta dube shi, ta dubi duwatsun, ta koma ciki ta ci gaba da ƙulla zoɓonta.

Aka kafa akwatin a salon, ɗakin zaman baƙi, aka ƙara pano da batiri. Ɗanlami ya tace ruwan pampo da wani ɗan inji, ya dama gishirin, ya auna da wani abu mai kama da guntun bututu da ake leƙawa da ido ɗaya, ya jera duwatsu, ya kunna fitila. Shi ke nan. Wata da watanni babu komai a akwatin sai ruwa da duwatsu, amma kullum da safe sai ya tsuguna ya gaishe su da ido, ya goge gilashi, ya auna gishiri. Labari ya kai fadarsu, inda suke zaman shayi a gindin dalbejiya bayan la'asar.

"Jama'a, ku taya ni murna," in ji Ado. "Taubashina ya shiga kiwo. Wasu na kiwon tumaki, shi duwatsu yake kiwo. Ɗanlami, in sun haihu ka ba ni ɗa guda in murhu ya rasa."

"Kai dai ka jira."

"Ina jira. Ruwa ya biyo ka har ɗaka, ka ga ikon Allah? Ka dai riƙa ɗaura gora in za ka shiga salon."

A cikin watannin nan ne Inna Ɗelu, ƙanwar uban Ɗanlami, ta zo gidan ta ga buhun gishiri fari tas a bayan ƙofa. Ta ɗebi cikin ƙoƙo ba ta gaya wa kowa ba, ta je ta zuba a miyar kuka. Washegari ta dawo da sauran a leda ta dire masa a gaba, ta ce a mayar wa mutanen Legas kayansu, su da Allah, gishirin da ke ɗaci ba gishirin Musulmi ba ne.

Da ruwan ya nuna, ya fara kawo kifi biyu ƴan ƙanana, ruwan lemo da farar ɗamara. Mutane suka ɗan sassauta masa, don ko ba komai yanzu akwai abin kallo. Sai a tafiya ta gaba ya dawo da dardumar kanta. A cikin leda mai ruwa aka ɗaure ta, aka sa a akwatin sanyi, ya ɗora a kujerar gaba ya ɗaure da igiya, karen motarsa kuwa ya koma bisa buhuna. Waɗanda suka biyo bayansa a hanya sun ce ba su taɓa ganin kamiyo na kauce wa ramuka da ladabi irin na ranar ba.

Ya tanadar mata wuri a gaba, tsakiyar akwatin, inda duk wanda ya shigo zai fara ganinta. Ya saka ta a hankali da safar hannu ta roba, ya kira maƙwabta. Ta zauna a wurin kamar ta yarda. Da gari ya waye sai ya tarar babu ita a nan. Ta ja jiki ta koma can baya, ta cusa gindinta ƙarƙashin wani dutse, gefenta kawai ake hange. Ya kira mai shagon a portabul hankali tashe, mutumin ya ce haka suke, suna tafiya har sai sun sami inda haske da motsin ruwa suka yi musu, kada ya kuskura ya ɓamɓaro ta, gindinta zai yage. Ɗanlami ya ce to. Sai ya juya duwatsun yadda bayan zai zama gaba. Ta sake tashi ta koma wani lungun. Ya sake juyawa. Suka yi ta wannan har Zahara'u ta ce masa:

"Baban Safiya, baƙuwa ce fa. Ka bar ta ta zaɓi inda za ta shimfiɗa tabarmarta."

Ya bari. Ta zauna a kusurwar hagu, wajen taga, ta buɗe ta yi faɗi, kifayen nan biyu suka shige cikin tufkarta suna birgima kamar yara a kan katifa.

Gidan ya zama wurin zuwa. Mata su shigo sayen ƙanƙara su manta abin da ya kawo su. A fada aka yi mako ana gardama ko ciyawa ce ko dabba. Wani ya ce abin da ba shi da ido ba dabba ba ne. Wani ya ce ciyawar da ke cin nama ai ta wuce ciyawa. Limamin unguwa ya zo da kansa, ya daɗe yana kallo, aka tambaye shi hukunci, ya ce shi dai abin da ya gani shi ne Allah yana da halittu da yawa, ya yi addu'a ya tafi. Ado ya ce darduma ce kawai da ba a zama a kanta, kuma in an ba shi zai gwada ta a ƙugiya ya ga ko tarwaɗa na so.

Matsala ta farko daga abinci ta taso. Ɗanlami ya ɗauka ƙauna ita ce ciyarwa, ya riƙa ba ta jatan lande safe da yamma, manyan yanka. Ta karɓa, ta karɓa, rannan ta dawo masa da shi duka a dunƙule cikin wani yauƙi, ruwan ya yi wari, ya wuni yana canji. Mai shagon ya ce ɗan yanki kamar ƙwayar gyaɗa, shi ma ba kullum ba, mafi yawan ƙoshinta daga haske take samu. Matsala ta biyu kuwa, a firigon Zahara'u yake ɓoye jatan landen. Wata mata ta dawo da zoɓo ta ce daɗi kam akwai daɗi, amma in ta yi gyatsa sai ta ji kamar ta ci miyar kifi. Zahara'u ba ta ɗaga murya ba. Ta samo gwangwani mai murfi, ta naɗe shi da leda uku, ta nuna masa kusurwa guda a ƙasan firigon, ta ce nan ne iyakar ƙasar teku.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san bazarar Madarunfa ya san ko ruwan randa ɗumi yake yi. Ma'aunin zafin da ke liƙe a gilashin ya fara hawa, dardumar ta fara koɗewa, korenta na komawa fari-fari. Ɗanlami ya ɗauke bantilatar ɗin ɗakinsu, wato fanka, ya kafa shi a kan akwatin yana hura ruwa. Ya rufe tagogi da barguna. Baƙi su zo su zauna suna zufa suna fifita da hula, iska kuwa na can tana kaɗa ruwan gishiri. Da hakan bai isa ba, ya koma ga ƙanƙara: a cika gorar roba da ruwa, a daskarar, a jefa a akwatin tana yawo, in ta narke a canza wata. Lokacin nan kuma shi ne lokacin da duk garin ke layi a ƙofar Zahara'u.

"Rabin firigona ya zama naka," ta ce masa wata rana da azahar. "Mutane na zuwa ina cewa ta ƙare, alhali ga ta can tana wanka da wata."

"Uwar Safiya, rai ne fa."

"Su masu sayen ba rai gare su ba?"

Amma ta ci gaba da cika gorunan. Ta ce ba don dardumar take yi ba, don kada ya zauna mata yana tagumi ne.

Ana tsakiyar wannan zafi aka ba shi lodin aya zuwa Legas, tafiyar da ba yadda zai ƙi. Ya tsayar da Zahara'u a gaban akwatin ya yi ta bayani har ta fara hamma. Ga bidon, wato jarka, mai shuɗin murfi, ruwan gishiri ne da ya dama, na canji ne, kada a taɓa sai ya dawo. Ga mai jan murfi, tataccen ruwa ne zalla, shi za a riƙa ƙarawa in ruwan akwatin ya ragu. Kada a sa hannu. Kada a ba ta abinci ma sam. Saboda bidon ɗin na da nauyi, ya roƙi Ado ya riƙa biyowa in ya dawo daga tafki yana zubawa.

"Ni da na girma cikin ruwa za ka koya wa zuba ruwa?" in ji Ado. "Tafi abinka."

Ya tafi. Ma'aunin gishirin nan kuwa, da yake ya saba yawo da shi a aljihun gaba kamar alƙalami, da shi ya tafi.

Ado ya riƙa zuwa kullum. Bantilatar na ta shanye ruwa, shi kuma yana ta cikawa. Sai dai ya yi nasa lissafin: abin teku ai ruwan teku yake so, wane irin mutum ne zai zuba wa ruwan gishiri ruwan daɗi ya salance shi? Lalle Ɗanlami ya rikita murafun ne. Ya riƙa zubawa daga mai shuɗin murfi, bai gaya wa kowa ba, yana jin daɗin cewa ya gyara wa taubashinsa kuskure.

Bayan ƴan kwanaki Zahara'u ta shigo da safe da gorar ƙanƙara, ta duba kusurwar hagu. Dardumar da ta kai faifai ta tsuke ta koma kamar busasshen tumatir, bakinta a sake, kifayen na kewaya ta sun rasa wurin shiga. Ta kira Ɗanlami, portabul ɗinsa ba ya shiga. Ta aika aka kira Ado daga bakin tafki, ya zo da warin kifi da wandonsa a naɗe.

Ya leƙa, ya girgiza kai. "Inna lillahi. Ta riga mu."

"Ka tabbata?"

"Zahara'u, ni fa masunci ne. Na san abin ruwa in ya mutu. A fidda ta tun ba ta ɓata ruwan ta kashe kifayen ba. In ya dawo mu ce ta yi tafiya, ai an ce tana tafiya."

"Ya ce kada a sa hannu."

"Shi ya ce. Wanga hannu ya kama minjirya, ya kama ƙurungu da ƙayarsa. Ɗan tsumma ne zai gagare shi?"

Ya naɗe hannun riga ya zurma hannu har gwiwa, ya damƙi dardumar. Ashe da sauran ranta, kuma ba kaɗan ba. Ta liƙe masa a yatsu da bayan hannu kamar an shafa danƙo. Ado ya tsaya cik, idonsa ya fito. Sai ya ce, a hankali, "Zahara'u, tana riƙe da ni." Sannan zafin ya iso. Ya ƙwala ihun da ya sa tumakin maƙwabta suka tsinke igiya. Zai fizge, Zahara'u ta riƙe masa kafaɗa da hannu biyu.

"Kada ka ja! Za ka yaga ta!"

"Ita za ni yagawa? Ni take ci!"

"Tsaya cik, Ado, don Allah. A hankali. Yatsa ɗaya-ɗaya."

Haka babban masunci ya tsaya a sunkuye, hannu cikin akwati, hawaye na zuba, yana kiran sunayen waliyyan da aka ce suna kwance a gefen tafki, matar taubashinsa na zare masa yatsu da bayan cokali. Da ya kuɓuta bai tsaya neman takalmi ba, ya nufi dispanser, ƙaramin asibitin garin, a guje, hannu a sama, hannun ya yi ja ya tashi ruɗu-ruɗu. Ma'aikaciyar da ta karɓe shi ta tambayi abin da ya cije shi. Ya ce darduma. Ta sake tambaya, ya sake faɗa. Ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne ya hau masa kai.

Zahara'u kuwa ta zauna a gaban akwatin ita kaɗai. Abin da zai iya yi wa Ado haka bai mutu ba, ciwo yake. Ta duba ma'aunin zafi, daidai yake. Injina na aiki, fitila na ci. Ta tashi za ta gyara bidon ɗin da Ado ya ture, sai ta ji mai jan murfi da nauyinsa kamar yadda aka bar shi, mai shuɗi kuwa ya kusa ƙarewa. Ta tsoma cokali a akwatin ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ɗanɗana na bidon. Na akwatin ya fi shi gishiri nesa ba kusa ba. Sai abin ya faɗo mata: in miya ta daɗe a wuta ruwan ne ke tafiya, gishirin yana nan, kuma ba wanda ke gyara ta da ƙarin gishiri. Ta kusa juye bidon ɗin tataccen ruwa gaba ɗaya, sai ta tuna yadda Ɗanlami ke ta nanata cewa abin nan ba ya son a yi masa komai farat ɗaya. Ta ɗauko kofin shayi. Ta zuba kofi guda, ta je ta sallami masu saye, ta dawo ta zuba wani. Haka ta yi ta yi, ranar da washegari da ranar da ta biyo, tana ɗanɗanawa tana tofarwa har harshenta ya daina jin ɗanɗanon tuwo.

Sannu a hankali tumatirin ya fara saki. Ya zama kamar marfin kwano, ya zama kamar faranti. Ranar da kifayen suka koma cikinta suka yi birgima, Zahara'u ta ji ta yi guɗa ita kaɗai a salon, sai kuma ta waiga ta ga ko wani ya ji.

Ita da Ado sun yi alkawari ba za a gaya wa Ɗanlami ba. Sai dai tun daga Ɗan Isa, kafin ma ya sauka daga mota, mai shayi ya tare shi da labarin, kuma a bakin mai shayi dardumar ta haɗiye Ado har kafaɗa. Ya iso gida ko kashe kamiyo bai yi da kyau ba, ya faɗa salon, ya tsuguna, ya daɗe yana dubawa. Ya ciro ma'auninsa ya ɗiga ruwa ya leƙa da ido ɗaya. Ya ɗago ya dubi matarsa.

"Da mi kika auna?"

Ta nuna masa harshenta.

Da la'asar ya tafi fada. Ado na zaune, hannu naɗe da bandeji, yana ba da labarin wata ƙatuwar minjirya da ta yi masa haka a tsakiyar tafki, mutane na ta danne dariya. Ɗanlami ya yi sallama, ya zauna kusa da shi, ya kama hannun ya jujjuya da tausayi.

"Sannu, Ado. Allah ya sawwaƙe. Tambaya ɗaya gare ni."

"Ina ji."

"Ka wanke hannun nan kafin ka taɓa ta? Don ba ta son ƙazanta."

Mai dafa shayi ya saki buta. Tun daga ranar ake ce wa Ado Abincin Darduma, har jikokinsa sun ji sunan, kuma in ya zo gidan a zaure yake tsayawa ya yi sallama.

Yanzu Ɗanlami ya rage dogayen tafiye-tafiye, ya fi yin Maraɗi zuwa Jibiya, ya kwana a gida. Ya ce gwiwa ce ta fara ciwo, amma kowa ya san ba gwiwa ba ce. Dardumar ta ƙara faɗi, ta taɓa cinye wani kifi shuɗi da ya kawo da ɗoki tun bai kwana biyu ba, ya yi fushi da ita ya daina yi mata magana, sannan suka shirya. Maluman lekol kan kawo ɗalibai su gani, shi ya tsaya yana bayani da hannu da ƙafa, yana ƙara abin da ko mai shagon bai sani ba. In aka yi tambaya mai wuya sai ya ce a tambayi Uwar Safiya, don yanzu ita ke cewa a canza ruwa ko a bari, kuma ita ke yanka jatan lande da ƴar wuƙarta.

Kwanan baya ya dawo da hoto a portabul, ya miƙa mata tana tsakiyar ƙulla zoɓo. Wata dardumar ce, shuɗiya kamar an tsoma ta a baba.

"A'a," ta ce, tun bai buɗe baki ba.

"Ban ce komai ba."

"Na ce a'a. Firigo ɗaya gare ni."

Ya mayar da portabul aljihu ya fita alwala. Da ya dawo ya same ta a salon, hannu a ƙugu, tana duban kusurwar dama ta akwatin.

"Nan haske bai isa ba," ta ce, ba ta waigo ba. "In ma za a yi, sai an ƙara fitila."